Daga Damagaram zuwa Maraɗi, a bin sawun ƙwallon jiha

Ranar Laraba bayan sallar asuba na ɗauki jakata na nufi tasha, a tsakiyar hunturu, lokacin da hazo yake lulluɓe duwatsun Birni har sai hantsi ya dubi ludayi. Ni malamin makaranta ne a Damagaram, kuma shekara 6 ke nan nake horar da yaran unguwarmu ƙwallon ƙafa da yamma a wani fili da ke bayan makarantarmu. Waɗanda muka fara da su suna ƙanana yanzu sun zama samari, gasar babban hutu da ake yi wata biyu a watse ta daina isarsu, suka matsa mini a kan lallai mu yi rajista mu shiga gasar jiha. Ban so in amsa musu da ka ba, domin ban san nauyin da ke cikin abin ba. Ina da kawu a Maraɗi, ƙanen mahaifiyata, wanda ya haura shekara 20 yana riƙe da littafin kuɗin wata ƙaramar ƙungiya da ke buga gasar jiharsu. Da na kira shi, sai ya ce wannan magana ta fi ƙarfin waya, in zo in gane wa idona, tunda ranar Asabar suna da wasa a Tasawa, kan hanyata ta komawa gida.

Jaka 5 na biya kuɗin mota. A shingen fita gari aka karɓi katin shaidar kowa aka duba aka mayar, muka wuce Tirmini, muka wuce Takeita inda hanyar Matamaye da Kano ta rabu, muka ɗan tsaya a Tasawa aka sha shayi da burodi. Daga Gazawa zuwa Agye har Cadawa, duk inda mota ta rage gudu sai 'yan mata sun yanyame tagogi da ƙullin aya, na sayi na dala 40 domin yaran gidan Kawu. Tafiyar ba ta kai kilomita 250 ba, mun ci ta cikin awa 4 da 'yan mintoci.

Wanda ya zauna kusa da ni saurayi ne ɗan Maraɗi mai sayar da kayan waya, kuma da ya ga mujallar ƙwallo a hannuna sai hira ta ɓarke. Ya jero mini 'yan wasan Real Madrid da na Barcelona ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ke zaman benci da kuɗin da aka sayi kowane. Na tambaye shi ko zai iya faɗa mini sunan ɗan wasa ɗaya na Jangorzo ko na Ɗan Kasawa, ƙungiyoyin garinsu. Ya yi shiru, ya ce rabonsa da shiga filin wasa na Maraɗi tun 2019. Ban ga laifinsa ba, domin dala 20 yake biya a gidan kallo ya zauna a inuwa ya ga manyan 'yan wasan duniya, amma abin ya tsaya mini a rai har muka shiga gari.

Duk wanda ya taso a Damagaram, abin da ke fara dukansa a Maraɗi shi ne hanzari. Garinmu yana tafiya a natse, nan kuwa babura da manyan motocin kaya da amalanke kowa sauri yake, kuma da ka saurari hirar bakin hanya za ka ji ta koma kan canjin naira ko halin da iyakar Ɗan Isa take ciki. Ɗan kabu-kabu ya kai ni Bagalam a kan dala 60. Inna, matar Kawu, ta tarbe ni da fura mai sanyi wadda aka dama da nonon shanu, da dare kuma aka kawo tuwon gero da miyar kuka wadda ta ji daddawa. A ɗakin zaure aka shimfiɗa mini katifa, don haka masauki bai ci mini ko dala ba.

Bayan isha'i Kawu ya sa aka ɗora shayi a ƙofar gida, abokansa biyu suka zo, dukansu sun buga ƙwallo a zamanin samariya. Ban yi tambaya mai yawa ba, su suka ɗauko zancen tun daga tushe. An fara gasar ƙasa ta Nijar a 1966, kuma tun daga ranar ta zama abin mutanen Yamai. Ƙungiyar Secteur 6, wadda ta koma Olympic, ita ta riƙe kofin shekarun farko a jere, daga baya Sahel, wadda ita ma daga Secteur 7 ta samo asali, ta zo ta tara kofuna fiye da kowa. Sai a 1983 Jangorzo ta Maraɗi ta ƙwato shi, karo na farko da kofin ya bar babban birni. A shekarar da ta biyo, 1984, Espoir ta Damagaram ta ɗauka. Daga nan ya koma Yamai, kuma yau shekara 40 da ɗoriya bai sake fitowa ba. Na taso ina jin labarin 1984 a bakin mahaifina, Allah Ya jiƙansa, wanda yake cewa ranar har tsofaffin da ba su taɓa kallon ƙwallo ba sun fito tarbar 'yan wasa. A daren nan na ji tagwayen labarin daga ɓangaren Maraɗi. Kawu ya ce yana ɗan shekara 19 a lokacin da Jangorzo ta ci kofin, a ƙafa suka fita bayan gari suka jira motar ƙungiya, makaɗa suna gaba, kuma wani Alhaji a unguwarsu ya yanka sa ya raba wa jama'a. 

Sunayen ƙungiyoyin kansu sun isa su gaya wa baƙo irin garin da ya shigo. Ɗan Kasawa shi ne sarkin Katsinawan da suka kafa mulkinsu a Maraɗi bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19. Jangorzo kuma yana tuna wa mutum Bawa Jan Gwarzo, Sarkin Gobir, ga kuma Tsibirin Gobir nan a bakin gari. Mutanen da suka raɗa waɗannan sunaye sun ɗauki ƙwallo da muhimmancin da ake bai wa tutar gari.

Na tambayi Kawu abin da ya sa aka yi shekara biyu kacal sannan ƙofa ta rufe. Ya aje kofin shayinsa ya ce, “Mushe, ƙwallon Maraɗi a aljihun Alhazai ya girma, aljihun Alhazai kuwa iyaka ce take cika shi.” A ganinsa, lokacin mulkin Janar Seyni Kountché samariya ta haɗa matasan kowace unguwa wuri ɗaya, ga 'yan kasuwar da suka yi arziki da gyaɗa da fataucin Najeriya suna gasar nuna bajinta a kan ƙungiyoyi, wannan ya sayi riguna, wancan ya ba da mota. Sai ga 1984 ta zo da fari, Najeriya kuma ta rufe iyakokinta, aka shiga yunwar da har yau tsofaffi suke kira El-Buhari. Wanda yake neman buhun gero domin iyalinsa ba zai sayi takalmin ƙwallo ga ɗan wani ba. Kafin a gama farfaɗowa aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, duk abin da ake shigowa da shi daga waje, har ƙwallon da takalmin, kuɗinsa ya kusa ninkawa. Ɗaya daga cikin abokan Kawu ya karɓe zancen, ya ce in duba waɗanda suke ɗaukar kofin a 'yan shekarun nan. Daga 2010 zuwa 2024, in aka cire Olympic da ta ci a 2012, sauran duk ƙungiyoyin masu kaki ne ko na kamfanonin gwamnati, wato ta sojoji, ta gardi, ta duwan, ta jandarma, da Sonidep da Nigelec. Waɗannan suna da albashi a ƙarshen wata, suna da motar kansu, kuma akasarin wasanninsu a cikin Yamai suke yi ba tare da sun kwana a hanya ba. Ƙungiyar Maraɗi kuwa, duk wasan Yamai tafiyar sama da kilomita 600 ce zuwa kawai, in wasan Arlit ne da Urana ko Akokana, abin ya haura 900. Yaron da ya yi fice a nan, kafin kaka biyu an kira shi Yamai, kuma babu uban da zai hana ɗansa tafiya inda ake biyan albashi.

Ban yarda da kowace kalma tasu ba, domin a ganina rashin tsari a cikin ƙungiyoyin namu na jihohi shi ma yana da nasa kaso, mu a Damagaram mun sha ganin ƙungiya ta durƙushe saboda shugabanni biyu sun kasa jituwa. Na faɗa, Kawu bai musa ba.

Da baƙin suka tafi ya shiga ɗaki ya fito da littafin. Irin babban littafin nan ne mai baƙin bango da 'yan kasuwa ke rubuta bashi, gefensa ya yi laushi saboda yawan buɗawa. Ya fara yi mini bayanin matakan. Super Ligue, wato rukuni na ɗaya, ce a sama, ƙarƙashinta rukuni na biyu na ƙasa, sannan gasannin jihohi a ƙasa, inda ofishin hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, Fenifoot, na kowace jiha yake shirya nasa, wanda ya yi zarra ya je neman hawa. Ƙungiyarsu a wannan mataki na ƙasa take. Sai ya buɗe shafin bana, ya matso da fitila. A hagu abin da ya shigo, a dama abin da ya fita. Na karanta hagun da kaina. Wani Alhaji mai shagon taya, jaka 50 a farkon kaka. Mai shayin bakin kasuwa, dala 100 duk Juma'a, ba ya fashi. Ƙungiyar matan unguwa masu adashi, jaka 7 da sabulun wanke riguna. Wani tsohon ɗan wasansu da ke aiki a Libiya ya aiko jaka 25. Telan unguwa bai ba da kuɗi ba, an rubuta a gaban sunansa cewa ya ɗinke wanduna 16 kyauta. A daman kuwa ga kuɗin rajista, ga na lasisin kowane ɗan wasa da hotunansa, ga hayar mota, ga ruwan leda, ga maganin shafawa, ga ƙwallo biyu. Wurare da dama na ga an rubuta harafi ɗaya a hagu ba suna, da jaka 3 ko jaka 5 a gabansa, kuma kullum a ranar da lissafi ya gaza. Na gane harafin farkon sunan Kawu ne. Ban ce komai ba, shi ma ya juya shafi. Mutumin nan ɗan fansho ne mai 'ya'ya 9.

Washegari Alhamis ya ce kafin in ga yaran a fili, in fara ganinsu a inda suke neman abinci. Mai tsaron bayansu, wanda shi ne kaftin, maƙerin walda ne a wata rumfa kusa da babbar kasuwa, muka tarar da shi yana haɗa ƙyauren ƙarfe, idanunsa jajur saboda wuta. Mai tsaron gida ɗalibi ne a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo. Akwai mai gyaran waya, akwai ɗan tireda, akwai biyu masu dako a tashar manyan motoci. Wanda ya fi ci musu ƙwallo ɗan kabu-kabu ne, kuma babur ɗin ba nasa ba ne. Ya zauna ya yi mini lissafi a tsanake. Kowace rana sai ya kai wa mai babur jaka 2, ko ya yi aiki ko bai yi ba. Ranar wasan waje ba ya ɗaukar fasinja ko ɗaya. In sun ci, ƙungiya tana ba kowa jaka 2, in kunnen doki ne jaka 1, in an cinye su sai godiya. Ke nan a rana mafi kyau yakan tashi ba riba ba asara, sauran ranakun kuwa daga aljihunsa yake biyan kuɗin buga ƙwallo. Na tambaye shi abin da ya hana shi bari. Ya ce, “Malam, Musa Ma'azu ma a irin ƙasar nan ya fara.” Yana nufin wanda ya zura wa Masar ƙwallo a Yamai a watan Oktoba na 2010, a hanyar da ta kai Mena, ƙungiyar ƙasa ta Nijar, gasar cin kofin Afirka ta 2012, karo na farko a tarihinta. Yaron yana firamare a lokacin, amma ya ba ni labarin ƙwallon kamar jiya aka ci ta.

Da la'asar aka yi atisaye a filin wata makaranta, yashi har idon sawu, raga kuwa babu, sai ƙarafa uku da kaftin ya haɗa da hannunsa. Mai horar da su ya fi ƙarfafa gudu da bugun kusurwa. Abin da na lura da shi, wanda ya bambanta da namu, shi ne yaran Maraɗi sun fi son ƙwallon sama da ƙarfin jiki, namu sun fi son a tattaɓa a ƙasa. Wani mai gyaran takalma yana zaune gefen fili da zare da basilla, kuma kafin a tashi ya ɗinke ƙafa uku a kan dala 30 kowace.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka leƙa babban filin wasa na jiha. An yi wa garin gyare-gyare lokacin bikin Maraɗi Kwalliya na 18 ga Disamba 2015, sannan a watan Fabrairu na 2019 filin ya karɓi rukuni guda na gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 20, inda Senegal da Mali da Gana da Burkina Faso suka fafata. Kawu ya tsaya a bakin fili yana nuna mini inda ya zauna a kowane wasa, ya ce ƙasashe biyun da suka kai wasan ƙarshe a Yamai, Mali da ta ɗauki kofin a bugun daga kai sai mai tsaron gida da Senegal da ta zo ta biyu, dukansu daga rukunin Maraɗi suka fito. Yaransa sukan sami buga wasa a nan jefi-jefi, kuma ya ce ranar da za su taka filin ko barcin kirki ba sa yi. A hanyar komawa muka bi ta gaban filin kokawa mai sunan Kantu, ɗan Maraɗin da ya fara ɗaukar takobin ƙasa a Tawa a 1975. Nan ne na ga bambancin da ya fi ci mini rai. Takobi yana zagaya jihohi, ɗan ƙauye yakan kayar da ɗan birni ya tafi da shi gida, ƙasa duka tana manne da rediyo. An gina kokawa a kan jihohi tun farko, ita kuwa ƙwallo an bar jihohi su yi ta rarrafe zuwa Yamai.

Ranar Asabar aka yi da direba zai zo ƙarfe 9, bai iso ba sai 11 saura, wai ya tsaya neman mai. Mu 22 muka shiga Hiace ɗaya, 'yan wasa 16, mai horarwa, Kawu, ni, direba da yaronsa, da wani dattijo mai ɗori wanda ba ya rabuwa da su. Jakar riguna da buhunan ruwan leda da kular shinkafa da wake da Inna ta dafa tun asuba aka ɗaure a bisa. Jaka 35 aka yi cinikin motar zuwa da dawowa. A shingen fita gari aka nemi katin shaida, sai ƙaramin cikinsu, ɗan shekara 17, ya laluba aljihu ya ce ya baro nasa a wandon aiki. Gaban kowa ya faɗi. Kawu ya sauka da ambulan ɗin lasisi, ya nuna na yaron mai hotonsa da hatimin hukuma, ya yi bayani cikin ladabi. Jami'in ya dubi hoton ya dubi yaron, ya ja masa kunne a kan kada ya ƙara fita ba takarda, sannan ya ɗaga mana igiya. Minti 20 suka tafi a nan.

Mun wuce Agye da kaɗan tayar baya ta fashe. Allah Ya kiyaye, direban ya riƙe motar har ta tsaya a gefen kwalta. Da aka sauko da safaya sai aka tarar ita ma iskarta ta sace. Ba gari kusa, sai gonakin da aka girbe da karan gero a tsaye, ga iska tana watsa mana yashi a ido. Kawu ya duba agogo ya ce in ba mu isa kafin alƙalin wasa ya gama jiran da doka ta ba shi ba, za a rubuta mana forfe, a ba abokan karawa maki, ga tara a kai. Ɗan kabu-kabun nan ne ya tsayar da wani mai babur, ya rungumi tayar a baya suka koma Agye wurin mai faci. Sauran suka zauna gindin wata bishiyar gawo, aka sauke kular Inna aka ci abincin a nan, tunda babu sauran lokacin ci a Tasawa. Na ga kaftin yana raba naman da ke ciki, yanka bakwai ne kacal, ya tsattsaga su da hannu har kowa ya samu. Awa ɗaya da rabi muka yi a wurin. Facin ya ci dala 150, mai babur dala 200, Kawu ya fito da ƙaramin littafi daga aljihun gaba ya rubuta nan take.

Saura minti 25 a fara muka shiga Tasawa. A cikin mota suka sa riguna. Filin ƙasa ne mai tauri, an ja layukansa da farar ƙasa, 'yan kallo sun kewaye shi, yara sun hau katanga, masu kalangu suna ta kiɗa a bayan raga. Dala 20 ake shiga, kuma mutanen da na gani a nan sun fi waɗanda nake gani a wasu wasannin rukuni na ɗaya, abin da ya nuna mini cewa a ƙananan garuruwa har yanzu ƙungiyar gari tana da masu kishinta. Wakilin hukuma ya jera 'yan wasa ya duba lasisi ɗaya bayan ɗaya yana haɗa hoto da fuska, sannan aka busa.

Yaran Kawu suka fara da zafi kamar ba su ne suka yini a hanya ba. Minti 18 da farawa aka yi bugun kusurwa, kaftin ya tashi ya sa kai, mai tsaron gidan Tasawa ya ture, ɗan kabu-kabu ya tarbe ta ya zura. Kawu bai yi ihu ba, ya dai kama hannuna ya matse har na ji zafi. Aka tafi hutu da ɗaya da nema. Bayan an dawo iska ta juya tana busowa a fuskarsu, ƙafafu suka yi nauyi, 'yan gida suka farke, sannan saura minti 10 suka ƙara ta biyu. Tsakanin ƙwallayen biyu ne kaftin ya yi tsalle ya sauko a kan ƙafar wani, idon sawunsa ya juya. Babu motar asibiti, babu gadon ɗaukar majinyaci, abokansa biyu suka ɗauko shi a kafaɗa. Dattijon mai ɗori ya durƙusa ya shafa wurin da yatsu a hankali, ya ɗago ya ce wa Kawu wannan ya wuce targaɗe, a kai shi a ɗauki hoto. Yaron yana kwance a kan tabarma, haƙoransa a cije, abin da ya fara faɗa shi ne ƙyauren da ya karɓi rabin kuɗinsa, wanda ya yi alkawarin bayarwa ranar Talata.

An tashi 2 da 1. Shugabannin ƙungiyar Tasawa suka zo suka yi jaje, ɗayansu ya kawo ƙanƙara a leda, wani ya sa jaka 2 a hannun Kawu ya ce a ƙara a kuɗin magani. Kowa a wurin ya san cewa gobe kansa abin zai iya faɗowa.

A tasha muka rabu bayan magariba. Na ba Kawu jaka 10 ya ƙi karɓa, sai da na ce a rubuta a hagun littafi sannan ya amsa. Ya ba ni takarda biyu da ya kwafe mini da hannunsa, lissafin kaka guda tun daga rajista har wasan ƙarshe, ya ce, “Mushe, kada ka shiga sai ka sami mutum goma da za su riƙa bayarwa duk mako ko kaɗan ne. Alhaji ɗaya mai jaka 100 yana iya yin fushi ya tafi.” Suka juya yamma da majinyacinsu a kujerar gaba, ni kuma na sami wata mota mai zuwa Damagaram a kan jaka 2 da rabi, na isa gida wajen ƙarfe 11 na dare.

Na tara iyayen yaran da dattawan unguwa a makon da ya biyo, na karanta musu takardun Kawu ba tare da na rage komai ba, na ƙara da kuɗin motar da za mu riƙa biya in wasa ya kai mu Mirya ko Magarya ko Matamaye. Mutum shida sun yi alkawarin zubin mako, biyu sun ce a jira baɗi, sauran sun ce za su yi shawara da iyalansu, kuma mun sa ranar sake zama bayan Juma'a biyu. Ranar Talata Kawu ya kira ni ya ce hoto ya nuna tsagewar ƙashi, an sa wa kaftin filasta, zai yi mako 6 bai taka ba. Ƙyauren kuwa, mai gyaran waya da masu dakon nan biyu sun je rumfar sun taya yaron shagonsa riƙe ƙarfe har aka gama, an kai wa mai shi ranar Laraba.